Hannun Daman Sarki Tunau

A ƙasar Jangaru ta dā, sarauta aro ce. Dattawan gari ke riƙe da sandar mulki, su ara wa wanda suka yarda da shi na damina bakwai, in wa'adi ya cika ya kawo musu abarsu da hannu biyu. In sun ji daɗinsa su sake miƙa masa, shi ake kira aro na biyu, daga shi kuwa babu na uku ko da zinariya mutum yake raba wa talakawa. Sarki Tunau ɗan Barmo a kan sirdi ya cinye aronsa na fari. Bai gama zama ba Gulbawa, mutanen kudu da ke bakin gulbi, suka ce sun gaji da mulkin Birni, suka naɗa nasu sarkin, aka shiga yaƙin basasa da ya lamushe samarin ƙasar kudu da arewa. Sai da aron ya zo ƙarshe sannan sarkin Gulbawa ya faɗi a fagen fama, mayaƙansa suka zubar da makamai. Dattawa ko dogon zama ba su yi ba, suka mayar wa Tunau sanda.

Har yau masu ba da labari suna gardama a kan aron nan na biyu, ko zaman lafiya aka yi a cikinsa ko ba a yi ba. Wasu su ce ai ba a sake ɗaura yaƙi ba, me kuma ake nema? Ni dai a nawa ganin, duk wanda ya ce lafiya lau aka zauna bai leƙa cikin Madawaki Cindo ba.

Cindo shi ne shugaban dawakin Jangaru, kuma kowa ya san da hannunsa aka ci yaƙin. Tare suka tashi da Tunau, tare aka yi musu kaciya, tare suka sha bulala a kan satar ɗinya. Da yaƙi ya zo bukka ɗaya suke kwana a sansani, in an sami sararawa da rana su tona ramukan dara a ƙasa, su yi ta cin juna suna zage-zage kamar ba sarki da baransa ba. A fada kuwa buzunsa na hannun daman Sarki. Cindo bai taɓa kwaɗayin sanda ba, wannan kam a yi masa adalci, dukiya ma ba ta dame shi ba. Abu guda yake so a duniya, in magana ta taso Sarki ya waiwaya ya ce "Me ka gani?", ya zama fuskarsa ce ta farko da idon Sarki zai sauka a kai. Mutane suna raina irin wannan so, amma ya fi son mulki saurin lalata mutum.

Sai ga Arzika. Shi ne Magajin Gulbi, mai jan rundunar Gulbawa, wanda ya hana Cindo sakat shekara da shekaru. Cindo da kansa ya shigo da shi Birni da igiya a wuya, mata na leƙe ta kan katanga suna tofa masa yawu. Yana jira ya ji an ce a kai shi kasuwa a sare, sai Sarki ya sauko daga karaga, ya karɓi wuƙa ya yanke igiyar, ya yafa masa alkyabba, ya ce daga yau Jangaru ɗaya ce. Sannan ya dubi Cindo ya ce ya ɗan matsa, a shimfiɗa wa baƙo buzu a nan dama har zukatan mutanensa su kwanta. Cindo ya matsa. Taku ɗaya ne tak, amma ya ji shi kamar an kore shi daga gari.

Zukatan nan kuwa suka ƙi gama kwanciya. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo, buzun baƙo na nan inda yake har ya fara suɗewa. Yanzu maganar fada ba ta dawaki da kibau ba ce, ta rijiyoyin da aka cike ce da gonakin da aka ƙona da marayun da za a raba wa dangi, kuma rabin wannan ɓarnar a ƙasar Gulbi take. To wa za a tambaya in ba Arzika ba? Sarki ya waiwaya dama, ya yi tambaya, ya sami amsa, ya gyaɗa kai, wuyansa bai ko ƙarasa juyowa wajen Cindo ba. Sai a yi zaman fada a tashi Madawakin Jangaru bai ce uffan ba, ban da amin a bayan addu'ar Liman.

Abin da ya fi ƙona masa rai, Arzika ba shi da abin zargi. Da mai girman kai ne da Cindo ya sami abin kamawa, ya huta. Amma mutumin nan shi ke fara gaishe shi kullum, ya rage tsawo, ya tambayi iyali da dawaki. In an yabi wata dabararsa ta yaƙi sai ya ce ai Madawaki ne ya koya masa ita da duka. Cindo ya yi yaƙe, ya koma gida ya rasa wanda zai huce a kansa sai masu yankan ciyawar doki. Kishi ne, babu wani sunan da za a sa masa, kuma shi kansa ya sani.

A tsakiyar daminar nan tsohuwar kukar ƙofar fada ta zubar da ganyenta tas, alhali kowace bishiya a gari ta yi kore shar. Gari ya ɗauka, masu duba suka yi ta zane a ƙasa suna girgiza kai. A cikin wannan makon ne Sarki ya tara majalisa, ya bar kowa ya zauna, sannan ya yi magana.

"Ya ku dattawan Jangaru, masu sanda da masu rawani. Mun binne matattunmu, mun yi musu sadaka, mun bi gida-gida mun gai da iyayensu. To matattun Gulbi fa, 'ya'yan wace ƙasa ne? Na ce Jangaru ɗaya ce, amma har yau ƙafata ba ta taka ƙofar uwa guda a can na ce mata ya haƙuri ba. Jibi in Allah ya kai mu zan tafi Gulbi ta'aziyya."

Galadima Ranau, babban dattawan sanda, tsoho mai rawar murya, shi ya fara buɗe baki. Ya ce niyyar ta yi kyau, amma kuka ba ta tsiraita da damina a banza, a jinkirta har kaka. Liman ya ce ganye na Allah ne, kwanan mutum ma na Allah ne, a yi sadaka a tafi. Aka yi ta ja, wannan ya ce a je, wancan ya ce a aika wakili. Cindo ya bari sai da suka gaji, sannan ya gyara zama ya faɗi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki. Mutanen da kake son gaisarwa, ni na san su a inda ba a gaisuwa. Bakinsu ya ce sun tuba, amma ban ga wanda ya buɗe cikinsu ya duba ba. In ka ƙudura sai ka je, to ka je da ni a gabanka da dawaki a bayanka, kowa ya ga abin da zai same shi in ya yi motsin banza."

Sarki ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya san abin da za a ce. Ya amsa cewa ba a shiga gidan makoki da mashi, wanda ya je gaisuwa da runduna gori ya je yi. Dogarai kaɗan za su bi shi da sanduna, sai Liman, sai Magajin Gulbi da zai nuna masa gidaje. Sannan ya sassauta murya.

"Kai kuwa Madawaki, ka zauna ka riƙe mini Birni. Yawancin waɗanda zan yi wa gaisuwarsu a hannunka suka faɗi. Ba laifinka ba ne, aikina ka yi, amma in uwa ta ɗaga ido ta gan ka a bayana, gaisuwar ta lalace."

Gaskiya ce Sarki ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Cindo ya ji kamar an watsa masa ruwan barkono a gaban jama'a. Wato hannun da ya tsayar da sarautar shi ne yanzu abin ɓoyewa. Kafin ya haɗiye wannan, Arzika ya faɗi gaisuwa ya ce Madawaki ya kwantar da hankalinsa, ya ba da wuyansa jingina, in ko ƙwarzane ya sami Sarki a ƙasar Gulbi a sare shi a kasuwa. Cindo ya dube shi sama da ƙasa ya ce wuyan da ya riga ya taɓa ɗaurewa bai ga abin jingina a cikinsa ba. Sarki ya ɗaga hannu, aka yi fatiha, aka watse.

Washegari da azahar wani falke mai suna Hankurau ya yi sallama a zauren Cindo, ƙafafunsa duk laka. Hankurau gishiri yake kaiwa kudu ya dawo da busasshen kifi, kuma tun lokacin yaƙi shi ne kunnen Madawaki a ƙasar Gulbi. Daga bakin jikokinsa ma wannan ɓangaren labarin ya fito, domin bai faɗa wa kowa ba sai da ya tsufa tukuf a wata ƙasa. Hankurau ya shaida wa Cindo cewa Kosau, ɗan sarkin Gulbawan da aka kashe, ya tara 'yan tsirarun da suka ƙi ajiye baka, sun rantse a kan kabarin ubansa. Za su kwanta cikin gamba a Kwazazzabon Ɓauna, inda hanya ke matsewa doki biyu ba sa jerawa. Ya ƙara da cewa Arzika ba shi da masaniya, hasali ma shi suke kira maci amana, kibiya ta biyu tasa ce.

Cindo ya tashi a take, ya ce wa Hankurau ya kama bakinsa, ya hau doki ya nufi fada. A nan ma a yi masa adalci, da niyyar faɗa ya fita. Ya ratsa zaure bayan zaure, dogarai na faɗuwa suna gaisuwa, har ya kai ƙofar lambun da Sarki ke hutawa. Sai ya ji dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba, ta Tunau ɗan Barmo ba ta Sarkin Jangaru ba. Ya leƙa. Ga Sarki zaune a ƙasa ya tuɓe rawani, ga Arzika a gabansa, a tsakaninsu ramukan dara. Sarki na nuna shi da tsinke yana cewa ɓarawo, mayar da ɗan nan inda ka ɗauke shi.

Cindo ya tsaya a bakin ƙofa, maganar da ya ɗauko ta yi masa nauyi a baki. Buzu an karɓe, shawara an karɓe, ashe har darar ma. Sarki ya hango shi ya ce, "A'a, Cindo, shigo mana. Lafiya?" Ya ce lafiya lau, ya zo ne kawai ya yi wa Zaki fatan sauka lafiya. Sarki ya yi godiya, idonsa ya koma kan ramuka tun Cindo bai gama fita ba.

A hanyar komawa gida ya shirya abinsa, kuma Shaiɗan ya ƙawata masa shi har ya ga kamar hidima ce zai yi wa ƙasa. In ya faɗa yanzu, me zai faru? A fasa tafiya, Arzika ya aika a kamo Kosau, a ƙara yaba masa. Amma in ya bari aka shiga kwazazzabon, kibau suka fara tashi, sai ga Madawaki ya faɗo daga tudu da dawakinsa, to ranar kowa zai san wane ne garkuwar Sarki. Wanda ya ba da wuyansa jingina kuwa sai ya kawo wuyan. Lissafin ba wuya. Ayarin Sarki da tsoho Liman a ciki tafiyar hawainiya zai yi ta babbar hanya, shi kuwa ya san hanyar maharba da ke yanke ta bayan dutse. Ko ya ba su rata mai kyau, shi zai riga su isa.

Saura sanin lokacin tashi. Tunau tun zamanin yaƙi ba ya faɗa wa kowa sa'ar da zai fita, kuma Cindo bai taɓa buƙatar tambaya ba. Duk fitar da Sarki zai yi daga Birni, tambari ke faɗa. Da zarar goshin dokinsa ya kai ƙofar gari Sarkin Tambari zai saki gularsa, a ji ta har ƙauyukan bayan ganuwa. Shekara da shekaru da wannan sautin Cindo ke sa ƙafa a likkafa, har jikinsa ya saba, ba ya ma tunani. Don haka ya zaɓi amintattun barade, ya shigar da su gidansa da ke can yammacin Birni, nesa da ƙofar kudu, ya sa aka rufe ƙyaure don kada wani ya ga dawaki da sirdi ya kai tsegumi fada. Ya ce musu kowa ya kasa kunne, da an ji tambari a hau.

Gari ya waye da yayyafi. Barade suka yi sallar asuba da sulke a jiki, suka zauna gindin dawakinsu. Cindo na kai da kawo a tsakar gida, yana ta maimaita wa kansa yadda Sarki zai rungume shi, da abin da zai ce, da yadda zai yi kamar ba komai ba ne. Yayyafi ya ɗauke, rana ta fito, hantsi ya dubi ludayi, shiru. Ya ce ƙila ruwa ne ya tsayar da su. Dawaki suka fara tono da ƙafa, barade suka fara satar kallonsa. Ya ce ƙila Galadima ne ya koma da maganar kukarsa yana ɓata wa mutane lokaci. Sai da inuwa ta fara shigewa ƙarƙashin katanga sannan zuciyarsa ta ƙi zama, ya yafa riga a kan sulke, ya fita shi kaɗai ya nufi fada.

A gindin kukar nan marar ganye ya tarar da Sarkin Tambari zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafa, yana ɓare goro hankali kwance. Cindo ya ja linzami ya tambaye shi me ya tsayar da Sarki har yanzu ba a fita ba. Mutumin ya miƙe ya faɗi gaisuwa, ya ce ai Zaki tun da aka sallame asuba ya fita, yanzu kam sun yi nisa. Cindo ya ce to don me bai ji tambari ba?

"Ranka ya daɗe, ta'aziyya fa aka tafi. Wa ke zuwa gidan mutuwa da kiɗa?"

Ko yaron goye a Jangaru ya san wannan. Cindo ma ya sani, ya sha zuwa gaisuwa, ya sha korar makaɗa daga ƙofar gidan makoki da bakinsa. Amma duk fitar da ya taɓa yi da Sarki ta yaƙi ce, kuma kwana biyun nan ba ta'aziyya yake gani a tafiyar ba, fagen da zai kunyata Arzika yake gani. Ya juya doki ya zuba masa ƙaimi har jini.

Suka fita ta ƙofar yamma a sukwane, mutane na darewa. Hanyar maharbar da ya dogara da ita ruwan safe ya mayar da ita taɓo, dawaki na nutsewa har gwiwa, biyu suka karye aka bar su da mahayansu. Cindo bai waiwaya ba. Yana gaba yana salati, yana yi wa Allah alkawura iri-iri, ya ce a bar wa Arzika buzun har abada, a bar masa darar, shi dai ya tarar da Tunau da rai. Da suka hau tudun da ke kallon Kwazazzabon Ɓauna, abin da ya fara gani dokin Sarki ne yana kiwo shi kaɗai, sirdi ya juye ƙarƙashin ciki.

Mutanen Kosau na can ƙasa sun kewaye wani kogon dutse, suna ta zuba kibau a bakinsa, daga ciki ana mayar musu da jifa. Cindo ya zare takobi ya yi kabbara, dawaki suka gangaro a kansu. Ba a yi wani dogon faɗa ba. Maharba a ƙasa ba su da abin yi da barade masu sulke da suka faɗo musu ta baya, aka tattake su cikin gamba, waɗanda suka nufi gulbi aka bi su da masu. Kosau ya tsaya ya yi ta maza, ya sa kibiya ya ja, ta goge kwalkwalin Cindo ta wuce, kafin ya sa ta biyu kansa na ƙasa. Daidai yadda Cindo ya tsara abin ya gudana, ba abin da ya kuskure sai lokaci.

Ya diro ya shiga kogon. Dogarai uku ne suka rage a tsaye, hannuwansu duk jini saboda jifa, Liman na tsugune a lungu yana karatu yana hawaye. A tsakiya Arzika ne kwance rub da ciki, ya baza alkyabbarsa, bayansa kibau ne tsaye birjik. Da aka ɗaga shi sai ga Sarki a ƙarƙashinsa. Kibiya ɗaya ce tak ta same shi a cinya, ta farkon da aka harba tun suna kan hanya, amma mai dafi ce. Rai ya riga ya yi halinsa, jikinsa da sauran ɗumi.

Arzika bai cika ba tukuna. Ya buɗe ido ya ga wanda ke riƙe da shi, kuma ko a wannan hali shi ya fara gaisuwa.

"Sannu da zuwa, Madawaki. Ya yi ta ce mana mu daure. Ya ce ba a motsi a ƙasar nan Cindo bai ji ba, yana tafe, bai taɓa makara ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ka yi haƙuri. Na kasa riƙe maka shi."

Daga nan ya cika. Cindo ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa, barade kuwa suka ɗauka tsabar jarumta ce.

Washegari da hantsi aka iso da gawawwakin Birni, dattawa suka zauna a gaggauce, sanda na jingine a kan karaga babu mai ita. Cindo ya miƙe da lakar hanya a jikinsa ya nemi a ba shi izini ya mayar da ƙasar Gulbi toka, kada a bar ko akurkin kaza. Yaƙi yake so, domin a cikin ƙarar yaƙi ne kawai ba zai riƙa jin maganar Arzika a kunnensa ba. Wasu matasan hakimai suka goya masa baya. Galadima Ranau ya bari suka gama, sannan ya ce a buɗe ƙofar zaure su duba waje.

Filin fada cike yake da Gulbawa, maza da mata, ƙafa ba takalmi, kai ba hula. Garuruwan da suka share ƙofar gida suna jiran Sarki ne suka ji labari, suka biyo gawa a ƙasa, sun ɗauro sauran mutanen Kosau da suka tsere da igiyoyinsu na kamun kifi. Tsofaffin matan da aka tafi yi wa gaisuwa su ne a gaba, yanzu su suka zo gaisuwa.

Galadima ya ce, "Madawaki, ga waɗanda za ka yaƙa. Nuna mini ta inda za ka fara." Tsohon ya juya ga majalisa ya ɗaga muryarsa mai rawa. "Jinin Birni da na Gulbi sun gauraya a kogo ɗaya, babu mai iya raba su kuma. Ba za a ɗaura yaƙi ba. Sannan akwai dokar kakanni da ba a taɓa samun dalilin aiki da ita ba a zamaninmu. Wanda ya mutu ya rufe sarki da jikinsa, ba a raba su. A faɗaɗa kushewa a cikin gidan sarauta, a kwantar da Magajin Gulbi a jikin ubangidansa ta hannun dama, kuma duk mai kiran sunan Tunau a kirari ya haɗa da na Arzika har ƙasa ta naɗe."

Aka ce madalla, aka yi wa Madawaki godiya a kan saurin da ya yi, har wani ya ce da ba don shi ba ko gawar ba za a samu ba. Da aka yi salla aka kai su makwanci, Liman ya tambaya wa zai shiga ya karɓa. Galadima ya ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, wa ya fi kusa da marigayi in ba abokin tashinsa ba?

Cindo ya tuɓe takalmi ya sauka. Aka miƙo masa Tunau, ya karɓe shi, ya kwantar, ya gyara masa likkafani a kafaɗa. Sannan aka miƙo Arzika. Da hannunsa ya kwantar da shi a inda aka ce, ya matso da shi har suka haɗu, domin ramin bai da faɗin da za a bar tsakani. Ya tsaya a wajen ƙafafunsu yana dubansu. Baƙin ciki na nan, nadama na nan, amma abin kunyar da ba zai iya faɗa wa kowa ba shi ne, a ƙarƙashinsu duka kishin nan na nan da ransa, yana kishin gawa. Ya duba ramin gefe da gefe, babu wurin mutum na uku.

Ya daɗe a tsaye har mutanen sama suka fara duban juna. Galadima ya dogara sandarsa ya leƙo, ya yi magana a hankali, cikin tausayi.

"Madawaki, fito haka nan. Za a rufe su."